Baƙon da Aka Hana Fartanya

Malam Tarmizi ya iso ƙauyenmu ne a farkon damina, lokacin da ciyawa ta fara rufe gindin duwatsun Roni. Ɗan gajeren dattijo ne mai siririn gemu, ya ɗaura zane mai gidan dara kamar wanda zai shiga wanka, kuma a haka ya yi la'asar a sahun farko. Daga Indunusiya ya zo. 'Yarsa Nuraini ce matar Zaharadeen, ɗan Malam Muhammadu Lawal, wanda ya je karatu can ya dawo da takardar shaida da kuma mata. Yanzu tana da tsohon ciki, uban ya ce ba zai ji kukan jikansa na fari ta waya ba.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne malafarsa. Da ya buɗe jaka ya fito da ita, sai ga ta kamar tamu, mai tsini a sama, sai dai da gora aka saƙa ta ba da kaba ba. Malam Lawal ya shiga ɗaki ya ɗauko tasa, suka yi musaya, kowa ya kifa ta ɗan'uwansa, suka tsaya suna kallon juna suna dariya. Ba mai jin yaren wani. Abin da ya haɗa su bai wuce sallama da hamdala da 'yan kalmomin Larabci na makarantar allo ba, amma tun daga ranar Malam Lawal ya shiga gaya wa mutane ya yi aboki. Abu na biyu shi ne yaji. Saude, matar Malam Lawal, ta rage barkono a miya don tausayin baƙo. Shi kuwa ya nuna da hannu a ƙaro, aka ƙaro, ya sake nunawa, har sai da ya ba mazan gidan kunya.

Kafin Zaharadeen ya koma Kazaure bakin aikinsa, ya zauna ya yi wa mahaifinsa bayanin bizar da ke cikin fasfon surukin nasa. Ta ziyara ce. An yarda mutum ya zo ya ga danginsa, ya ci, ya sha, ya zaga gari, amma ba a yarda ya yi aikin da za a biya shi ba. Wannan sai da wata takarda daban, ta izinin aiki. Wanda ya karya sharaɗin ana iya mayar da shi ƙasarsu, kuma ya sha wuya kafin a sake barinsa ya shigo. Zaharadeen ya faɗi haka ne cikin hira, ya hau babur ɗinsa ya tafi, bai san abin da ya bar wa uban ba.

Malam Lawal yana da wata ɗabi'a da ya gada a wurin mahaifinsa. Ba wanda ya taɓa sa hannu a gonarsa ya tashi a banza. Ko akuya ka kora masa kana wucewa, da kaka za ka ga an kawo maka kwanon gero har ƙofar gida. An taɓa yin wani matafiyi da ya tsaya ya taya shi ɗaga jaki da ya faɗi da kaya, sai da ya yi cigiyarsa har kasuwar Gwiwa ya danƙa masa rabonsa. A wurinsa, cin gumin mutum kyauta da sata duk abu ɗaya ne.

Shi kuma Malam Tarmizi manomin shinkafa ne tun yana ƙarami. Washegari da safe ya bi masu tafiya fadama, ya tarar ana dashe. Ya tsaya a bakin ruwa ya lumshe ido yana shaƙar warin laka kamar mai shaƙar turare. Sai ya cire takalmi, ya naɗe zane, ya miƙa hannu ga wata fartanya da ke jingine. Malam Lawal ya taho da sauri yana haki, ya karɓe ta a hankali, ya kama hannun baƙonsa ya kai shi gindin mangwaro, ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo fura. Lissafin a wurinsa a fili yake: in ya yi aiki dole a ba shi, in an ba shi an biya shi, in an biya shi an kore shi.

Kafin sati ya zagayo duk ƙauye ya san zancen, kuma kowa ya ɗauki tsaron baƙon a matsayin nasa. In Malam Tarmizi ya doso gona, sai ka ga fartanyu suna ɓacewa cikin ciyawa. Ya sunkuya zai cire wani haki a gonar gyaɗa, mai gonar ya riga shi. Masallaci kaɗai aka bar masa, domin Malam Lawal ya yi dogon tunani ya gano cewa ladan sharar masallaci Allah ne ke biya, kuma wannan ba ya ƙarƙashin hukumar shige da fice. Masallacinmu bai taɓa yin tsabta irin ta wannan damina ba. Har tururuwa ta canza hanya.

Wata Juma'a Musaddiƙ ya zo gaisuwa. Ɗan ƙanwar Malam Lawal ne, ma'aikacin shige da fice a kan iyakar Babura. Kawun ya ja shi zaure ya zayyana masa komai. Musaddiƙ ya ce abin da sauƙi, a bar dattijo ya taɓa ƙasa don jin daɗinsa, kada dai a ba shi komai, ba wanda zai ce uffan.

"A gonata? Ya yi gumi, ni in kwashe shinkafa in zuba a rumbu ina kallonsa?"

"To Kawu, a mayar da shi gayya mana. Ai ba a biyan 'yan gayya."

Malam Lawal ya ce gayya ramawa ake yi, wanda ya zo taka kai ma sai ka je tasa, gonar Malam Tarmizi kuwa tana bayan teku. Ya ɗaga kai yana kallon rufin zaure, da alama har ya fara hango kansa a jirgi da fartanya a kafaɗa. Musaddiƙ ya tuna masa cewa shi ma in ya je can bizar ziyara za su ba shi. Da kawun ya tambayi yadda ake samun takardar izinin aikin, aka ce masa sai kamfani ne ke nema wa mutum. Ya tambaya ko shi da Saude da shanun huɗa za su iya zama kamfani. Musaddiƙ ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya tafi bai warware komai ba.

A hankali baƙon ya fara canzawa. Ya daina neman ƙarin yaji. Ya rataye malafar kaba a ƙusa. Yakan zauna a gindin mangwaro hannuwansa a kan gwiwa, yatsun suna motsi su kaɗai kamar suna tsoma dashe a laka. Zaharadeen ya yi masa bayanin dalilin ta waya, amma bai yarda ba, ya ce a ƙasarsu ba a hana mutum gona sai in an ga ya tsufa ko ana tsoron ya yi ɓarna, yaran dai suna rufa masa asiri ne. Wata safiya Nuraini ta sami Saude a madafi, ta gaya mata da 'yar Hausarta mai daɗin ji:

"Inna, Baba na ya ce a canza tikiti. Suna ya wuce, shi ya tafi. Ya ce shi nan kaya ne, ba mutum ba."

Saude ta kai wa mijinta maganar yadda take, ta ƙara da tata. Ta ce ya tsare mutum daga hukuma har ya kore shi da kansa. Malam Lawal bai ci tuwon ranar ba. Abokin da ya yi musayar malafa da shi zai koma ya ce mutanen Roni sun zaunar da shi kamar tulu.

Cikin wannan hali Nuraini ta sauka lafiya, aka sami mace. Ana gobe suna, Adda ta shigo gidan tana jan 'yar tunkiya fara mai baƙin kunne. Bafulatana ce mai kawo wa Saude nono tun suna amare. Ta ce tunkiyar ta jaririya ce, amma za ta koma da ita ruga ta haɗa da garkenta, duk abin da ta haifa na yarinya ne. Malam Lawal yana zaune yana gyaran igiya, sai halinsa ya motsa, ya tambaye ta me za a riƙa ba ta na kiwon.

"Malam, kai ma da wata magana. Wa ke karɓar lada a hannun jinjiri? Ai ni kakarta ce."

Ya ajiye igiyar. Ya dubi tunkiyar, ya dubi Adda, ya tashi ya nufi fadama. An gan shi can yana zagaya wani yanki da ke gindin giginya, wanda ruwa ya kwanta a kai ba a kai ga dasa shi ba, yana kafa ƙirare a kusurwoyi yana magana shi kaɗai.

Da safe aka raɗa wa yarinya suna Mu'minat, aka yi addu'a, aka raba goro. Mutane na shirin tashi Malam Lawal ya roƙi liman da mai unguwa su dakata. Ya ce su zama shaida, yankin fadamarsa na gindin giginya ya ba Mu'minat kyauta, daga yau ba shi da ko zangarniya ɗaya a ciki. Ya sa Zaharadeen ya fassara. Sannan ya shiga zaure ya fito da sabuwar fartanya mai ƙotar da ba ta taɓa ganin laka ba, ya miƙa wa Malam Tarmizi da hannu biyu.

"Gaya masa gonar ba tawa ba ce, ba ni da ikon hana shi, ba ni da abin ba shi. Ta jikarsa ce, kuma tana neman mai duba mata."

Aka juya ana kallon Musaddiƙ, wanda ya zo suna cikin babbar riga, bakinsa cike da waina. Ya haɗiye, ya gyara murya kamar yana bakin aiki, ya ce shi dai bai ga mai ɗaukar aiki a nan ba, kaka ya gani da jika. Ya ce ranar da mai gonar ta buɗe lalita ta biya kakan, a yi masa waya.

Malam Tarmizi ya saurari fassarar har ƙarshe. Ya juya fartanyar, ya gwada kaifinta da babban yatsa, ya sa a sake maimaita masa wurin da aka ce gonar jikarsa. Bai jira naman suna ba. Ya shiga ya ciro malafar kaba daga ƙusa, ya kama hanyar fadama da sabon zanensa na biki, rabin 'yan suna suka bi shi. Da ƙafarsa ta nutse a laka ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da na bakin gona ma suka ji. Malam Lawal ya tsaya yana kallo, sai kuma ya tuɓe rigarsa ya rataye a reshe ya shiga. Ya ce ai shi ma kaka ne, shi ma ba mai biyansa.

Ba a sake tayar da zancen canza tikiti ba. Barkonon Saude ya koma ƙarewa da wuri. Masallaci ya koma yadda muka san shi, tururuwa ta dawo hanyarta. Tsofaffin biyu sukan yini a gindin giginya suna musu a kan tazarar dashe, ɗaya da Hausa ɗaya da yarensu, kuma kowa yana tashi da yaƙinin shi ya yi nasara.

Bayan an yi arba'in, saura kaɗan wa'adin bizar ya cika Malam Tarmizi ya koma gida salin alin yadda baɗi zai iya dawowa, Saude ta goyo Mu'minat ta kai ta fadama ta ga dukiyarta. Shinkafa ta yi kore shar, iska na kaɗa ta. Malam Tarmizi ya wanke hannu a kwalbati, ya karɓi yarinyar ya ɗora a kafaɗa, yana nuna mata layukan yana yi mata bayani da yarensu. Ita kuwa ta yi gyatsa, ta tumbuɗo masa nono a kan riga.

"To, ga shi nan," in ji Saude. "Uwar ɗaki ta biya."

Malam Lawal ya waiga hagu da dama, ya cire malafar gora ya rufe wurin da ita, ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Musaddiƙ.