Tagwayen Taya

Rabilu na kwance rigingine a ƙarƙashin tirelar yana kankare fenti da kan ƙusa. Fentin sabo ne, ja wur, har yanzu yana wari, kuma shi ya sa masa zargi, don ba a yi wa tsohuwar mota kwalliya a inda ido ba ya kaiwa sai da dalili. Da jan ya ɓare sai ga tabon walda, doguwar tsaga da aka ɗinke a jikin shasi, ƙashin bayan motar, daidai inda nauyi ke sauka.

Daga inda yake, ƙafafun mutum biyu kaɗai yake gani. Na Alhaji Tanko dillali suna kai da kawo. Na Dikko, yayan matarsa, ba su gusa ba tun da ya shiga.

"Mi ka gani?" in ji Dikko.

"Ina zuwa, Yaya."

Dikko makiyayi ne. Zangonsu na can bayan Alasan Mairairai, inda bana aka ci ciyawa har saiwa tun kafin bazara ta kai tsakiya, rijiya kuma ta koma ba da laka. Kowace safiya sai maza sun taru sun kama wutsiya da ƙaho kafin saniya ta miƙe. Motocin haya sun ƙi hanyar. Shi ya sa ya kora raƙumansa kasuwar Urafane ya rabu da su duka, ya zo Tasawa wurin mijin ƙanwarsa da shawara guda: Rabilu na da kan mota, shi kuma zai sayi baya, wato tirela, su riƙa kai harawa da dusa da tankunan ruwa har damina ta faɗi.

Kan motar kuwa ya daɗe a ƙofar gida, tun lokacin da aka rufe iyaka, attajirin da Rabilu ke ja wa siminti ya sayar da tirelolinsa. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinsa. Ramla, matarsa, ita ta riƙe gidan da tuyar ƙosai, ba ta taɓa yi masa gori ba, shi ma bai taɓa iya cin ƙosan da daɗin rai ba.

Ya fito yana kaɗe riga. Tirelar shimfiɗaɗɗiya ce, ba bango, katakon bayanta ya sha rana. Tayoyinta guda-guda ne a kowane gefe, manya masu faɗi.

"To, ka dai gani da idonka," in ji Alhaji Tanko. "Wagga, hamada ta sani. Ta je Agadas ta dawo."

"Ta je kam," in ji Rabilu. Ya juya wajen Dikko. "Ƙafafunta na hanyarku ne, Yaya. Taya mai faɗi kamar tafin raƙumi take, in an rage mata iska sai ta baje bisa rairayi, ta baya ta bi sawun ta gaba. Amma bayanta ya taɓa karyewa."

"An gyara," in ji dillali.

"An rufe dai."

Alhaji Tanko bai yi musu ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ja su ƙarshen filin, inda wata ke tsaye a gindin bedi. Wannan ba fenti, tsatsa ta yi mata zane, amma da Rabilu ya bi shasinta da guduma yana ƙwanƙwasawa, ƙarfen ya riƙa amsawa da murya ɗaya daga gaba har baya. Ya duba sifirin, ya leƙa birki, ya girgiza ƙugiyoyin ɗaure kaya. Ba inda ya sami abin kushewa. Tayoyinta bibbiyu ne, tagwaye, manne da juna.

Ya dafa ɗaya, zafin robar ya ratsa tafinsa. Rabon da ya taɓa mota mai lafiya irin wannan har ya manta. Da ita zai iya ɗaukar wake daga Tasawa zuwa Maraɗi, ya dawo da siminti. Zai iya shiga gida da ledar nama a hannu. Abin da ya rage kawai ya ce ta yi. Dikko bai san taya ba sai wadda aka yanka masa takalmi da ita, kuma tun a hanya ya ce masa, "Idonka shi ne idona." In ta nutse a tafiyar farko, sai a ce ƙaddara, a jawo ta a dawo kan kwalta, inda dama nan ne wurinta.

"Wagga fa?" in ji Dikko.

Rabilu ya daɗe yana cire wani ɗan dutse da ya maƙale tsakanin tagwayen.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Tana ɗaukar abin da duk ka ɗora mata. In ɗaya ta fashe, 'yar'uwarta ta riƙe ka har gari."

Fuskar Dikko ta ɗan saki a cikin rawani. Rabilu ya kau da kai, ya jefar da dutsen.

"Amma ba ta kaiwa zango, Yaya. Garin naku ma sunansa ya faɗi: Mairairai. Tagwaye ba su hawa rairayi, tura shi suke yi gabansu har su haƙa wa kansu rami. In ka rage iska su gogi juna, su yi zafi, su fashe. Daga inda jar hanya ta ƙare, ba mu yin nisa."

"To a cire na waccan a sa ma wagga."

"Mazauninsu ba ɗaya ba ne. Ramukan noti ba su haɗuwa."

"A sake yi ma waccan walda."

"Da harawa kaɗai, wataƙila. Ruwa nauyi gare shi, kuma yana rawa. Rana ɗaya za ta rabe biyu a tsakiyar daji. Tayarta kuma in ta fashe, babu irinta ko a Mayahi da ke kusa da ku."

"Mu sauke a bakin hanya, amalanke su ƙarasa."

Dikko da kansa ya tuna cewa shanun amalanken su ma sai an ɗaga su. Ya tsuguna a inuwar tirelar, ya ɗebi ƙasa yana murzawa. Alhaji Tanko ya ga ciniki na neman sullewa, ya ce bari ya sa a kawo shayi, ya tafi.

Wayar Dikko ta yi ƙara a aljihu. Zalika ce, matarsa. Ta hau tudu ne kafin ta samu layi, muryarta na zuwa tana yankewa. Rabilu ya matsa gefe, amma yana jin abin da Dikko ke cewa.

"Tun yaushe shanun suka kwanta? ... Har da masu cikin? ... A'a, kar ku jira ni. Ce ma yaronmu Umaru ya sa musu wuƙa, kar su yi mushe. ... Waɗanda ke tsaye fa?" Ya saurari amsarta. "To. A ba maƙwabta su haɗa da nasu. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Ya mayar da wayar. Ya gyara rawaninsa, ya ja shi har bisa hanci. Rabilu ya ce, "Sannu, Yaya."

Da dillali ya dawo da shayi, Dikko ya karɓa ya kurɓa, ya nuna mai tagwaye da haɓa.

"Wagga za mu ɗauka."

"Yaya, na ce maka ba ta kaiwa."

"Na ji. Ba abin da za ta kai kuma, shanun sun ƙare."

Alhaji Tanko ya washe baki ya miƙo hannu. Rabilu ya tsaya kallon tirelar da ya kwashe watanni yana roƙon Allah irinta.

Dikko ya dafa gefen katakon, ya yunƙura, bai hau ba sai a karo na biyu. Ya tsaya a tsakiyar shimfiɗar, dogo, furfura na leƙowa ta ƙasan rawani, yana duban motocin da ke wucewa bisa kwalta. Ya sunkuya ya ɗauki wata tsohuwar igiya da aka bari a kai, ya jujjuya ta.

"Rabilu, kana da yaron mota?"

"Babu, Yaya."

"To kar ka nema." Ya miƙo masa bakin igiyar. "Ɗaurin dabba na iya. Gwada mini yadda kuke ɗaure buhu."