Mai Faci a Saman Allon Talla

Jiya da dare wani mafarki ya zo mini, irin wanda mutum yake tashi daga shi a gajiye.

Wai an miƙa garinmu kacokan ga wani kamfanin talla, su ƙawata shi don baƙi su riƙa zuwa. 'Yata Zinatu, wadda tun tana ƙarama take cika mini bango da zanen gawayi, tana cikin matasan da suka ɗauka koyon aiki. Na rufe rumfar facina na tafi kai mata abincin rana. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi zuwa sama, saboda kamfanin ya ce saukowarsa tana ɓata hoto. Wandona ya jiƙe sharkaf, hulata a bushe.

Manajan wani bunsuru ne mai tabarau. Na tarar yana taunar taswirar gari, ya riga ya cinye unguwar marina. Matasan kuwa an dasa su cikin tukwane a jikin taga, kowa da fensirinsa, wata akuya tana bi tana zuba musu ruwa da buta. Duk wanda sabon tunani ya tsiro masa a ka, sai ta gatsi kan tsiron ta wuce.

"Haka muke rainon masu basira," in ji manajan. "Kai ne uban tukunya ta tara?"

"Ni ne baban Zinatu, ranka ya daɗe."

"Yarinyarka tana da hannu, kunne ne ba ta da shi. Sau uku ana sa ta zana gari, sau uku tana ajiye mana kai a bakin titi da tsohuwar taya. A garin da muke tallatawa taya ba ta yin faci. In ta kai la'asar ba ta goge ka ba, tuge ta za mu yi."

Na matsa kusa da tukunyarta. "Goge ni mana, 'yar nan. Aiki wuyar samu gare shi."

"Baba, na gwada," ta ce. "Da na cire ka sai titin ya karkace."

Akuyar ta ajiye buta ta raɗa wa manajan cewa baƙi suna son ganin talaka, muddin yana murmushi. Ya leƙa bakina ya ƙirga haƙorana, ya ce za su isa.

Sai kawai na tsinci kaina a saman wani ƙaton allo a shataletalen shigowa gari, taya a kafaɗa, haƙora a waje. A ƙasan ƙafata an rubuta: GARINMU, INDA KOWA YA HUTA. Motocin baƙi suna wucewa da baya, ana ɗaukata hoto. Wani direba tayarsa ta sace a daidai ƙasana, ya ɗaga kai ya ce, "Malam Tanimu, sauko mana!" Ban iya amsawa ba, don kada murmushin ya zube.

Rana ta fito sau huɗu ba tare da ta faɗi ba. Sannan Zinatu ta zo wucewa, an ɗauko ta a kai cikin tukunya babba, mai fenti. An ƙara mata girma.

Na yi magana ta tsakanin haƙora. "'Yar nan, ko zan ɗan ajiye tayar in zauna?"

Ta dubi awakin kamfanin da ke biye da ita, ta dube ni. "Baba, in ka zauna za su tuge ni."

"To, je ki. Dama ban gaji ba."

Na gyara wa tayar zama a kafaɗa, na ƙara buɗe haƙora. Ina nan tsaye injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka kumatuna suna ciwo.