Dutsen Ƙofar Kufai

"Tsai da shanun nan," in ji Haladu daga cikin amalanke.

Magaji ya ja igiya. Maƙwabcinsa ne tun suna samari, katanga ɗaya ta raba su. Yau wata uku Haladu yana kwance, ƙafafu sun kumbura, ido ya dushe. Da hantsi ya ce a kai shi kufai, tsohon garin da kakanninsu suka baro suka sauko bakin hanyar Anka. Yana so ya nuna inda za a sa shi, kusa da mahaifinsa.

Ganuwar kufan ta daɗe da zubewa. Abin da ya rage shi ne dutsen ƙofa, baƙi, shimfiɗaɗɗe, mai gurbi inda ƙafar ƙyaure take juyawa lokacin da ake rufe gari saboda mahara. Da shi ake gane kaburburan mutanen da.

"Kai ni ga dutsen," in ji Haladu. "In na dahwa shi, ni san gabas."

Magaji ya duba. Ramukan masu haƙar zinari ne ko'ina, da tulin jar ƙasa, da buhuna yagaggu. An sare bishiyar kukar da ke bakin ƙofar. Hanyar da ya sani ma babu ita.

"Ba ya nan."

"Mi kac ce?"

"Na ce dutsen ba ya nan."

Ƙuda na bin bakin Haladu. Can ya ce, "To kai hwa? Kana nan anka sa Baba. Kai ka miƙa tulun ruwa."

Magaji ya sauka ya zaga. Ya tsaya nan, ya tsaya can, yana auna wurin da ido. Da ya nuna kowane tudu ya ce nan ne, da Haladu ya yarda. Ya dawo ya kama igiyar shanu.

"Ban gane wurin ba, Haladu."

"Tsoho wohi," in ji Haladu a hankali. "Mu tahi gida."

Bai sake maganar ba. Matarsa Hawwa'u ta ce ko kunu ya daina karɓa, sai dai ya juya fuska bango. Ranar Talata bayan azahar Magaji yana gyaran darni ya ji kukanta ta kan katanga. Ya ajiye igiyar rama, ya yi salati, ya je ya wanke hannu.

Ana ɗinkin likkafani sai Shehu, babban ɗan mamacin, ya ja shi gefe. Ƙurar dutse har cikin girarsa.

"Baba Magaji, dutsen na wurinmu. Mu munka ɗauko shi bara. Gurbin nan na da daɗin dakan duwatsun zinari."

Magaji ya dube shi.

"Yanzu sai in sa yara su maishe shi, a sa Baba inda ya so," in ji Shehu.

"Ku maishe shi ina?"

"Inda yake."

"To ina yake?"

 Shehu ya ce akwai rami kusa da wurin, amma ramukan sun yi yawa tun daga lokacin.

A sabuwar maƙabarta aka sa Haladu, bayan makarantar boko, kusa da wani baƙo da mota ta kaɗe. Magaji ne ya shiga ramin ya jera itace.

Duk da haka Shehu ya sa an turo dutsen a baro, ya rasa inda zai kai shi, aka sauke a ƙofar gidan makoki. Magaji yana zaune a tabarma yana amsa gaisuwa. Masu shigowa suna taka dutsen, suna tuɓe takalma a kansa.