Lallen Inna Yana Azumi

Lallen Inna a bayan ɗakinta yake, can ƙauyenmu gaba da Gumel. Tun ina yaro nake ganinsa, kuma ban taɓa ganin wani ya ba shi ruwa ba. Rani ya zo ya ƙone ciyawa, rijiya ta ja baya, awaki su rame, shi yana nan tsaye abinsa da 'yan ƙananan ganyensa. Inna takan ce, "Lalle in ya ji daɗi ba ya kamu. Sai ya sha wuya yake ja."

Da ta rasu na je gida. Kafin in juyo, yayana ya riga ya sauke bulo, zai yi ɗaki a wurin. Ban yi masa musu ba, iyali sun yi masa yawa. Na dai yanki reshe uku, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, na hau motar albasa zuwa Fatakwal. Biyu suka bushe a hanya. Ɗaya ne ya iso da rai, kuma yanzu duk duniya shi ne abin da ya rage na lallen nan.

Na dasa shi a bokitin fenti, na huda gindin bokitin da ƙusa, na ajiye a ƙofar ɗakinmu. Gidan haya ne kusa da Kasuwar Creek Road, yawancinmu Hausawa, 'yan dako da masu keke da masu tsire. Akwai ɗan masallaci a tsakar gidan, kuma wajen alwala yana dab da ƙofarmu. Ni a lokacin ban kawo komai a raina ba.

Reshen ya kama. Ya fitar da ganye, na yi ta murna. Bayan 'yan makonni sai na ga ganyen ya fara rawaya yana zuba. Na taɓa ƙasar, na ji ta caɓe kamar kunu. To ni ban zuba masa ruwa ba, kuma ƙarƙashin rufi yake.

Da la'asar na gane. Baba Kallamu, uban gidana, wanda nake sauke wa buhunan albasa kuma shi ke jan mu salla, ya gama alwala, ya miƙe, ya juye sauran ruwan butarsa cikin bokitin. Na bayansa ma ya yi haka. Na bayan wannan ma haka.

Na durƙusa na ce, "Baba, don Allah a daina ba shi ruwa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Hammadu, lafiyarka kuwa? Wa ya taɓa jin an hana rai ruwa?"

"Baba, lalle ne. Ba ya son ruwa da yawa."

"Shekarata arba'in a garin nan, ban ga shukar da ta ƙi ruwa ba. Dubi ayabar can. Dubi rogo. Shayar da shuka ma sadaka ce, za ka hana mutane lada?"

Sagiru, abokin ɗakina mai tuƙa keke, wanda a nan Fatakwal aka haife shi, ya tuntsire da dariya. "Baba, ƙyale shi. Mutanen Gumel rowar ruwa a jininsu take. Ko baƙo ya je, sai sun auna masa da ludayi."

Na ce, "Kai ka taɓa ganin lalle a tsaye? Kai dai a leda ka san shi."

"To ai ga shi na gani. Kamar tsinken sakace."

Na ɗauke bokitin na mayar da shi bayan ɗaki, inda buta ba ta zuwa. Washegari muna kasuwa aka tsuge da ruwa, irin ruwan garin nan da ba ya gajiya. Na dawo na tarar da bokitin a tsakiyar tsakar gida, ya cika har baki. Mama Ibinabo, mai gidan da muke haya, tana zaune tana gyaran busasshen kifi, tana jira in gode mata. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Aboki, fulawa naka yana mutu. Ni na fitar da shi, ya sha ruwan Allah."

Me zan ce? Tsohuwa ta bar aikinta ta ɗauki bokiti mai nauyi saboda ni. Na ce na gode. Na tsiyaye ruwan, ina tsiyayewa ina jin kamar in yi kuka.

Daga nan babu inda ban kai bokitin nan ba. Na sa shi cikin ɗaki, babu rana, ya ƙara yin laushi, kuma na kama Sagiru yana juye masa ragowar ruwan leda. Na fito da shi, butoci suka dawo. Na rufe bakin bokitin da kwali, aka ɗaga kwalin aka zuba, aka mayar da kwalin yadda yake. Abin da ya fi ba ni haushi, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Da mugu ne da na san abin da zan ce masa. Kowa ya ga ganye ya yi rawaya sai ya ce ƙishi ne, ya ƙara. Ganyen ya ƙara rawaya, su ƙara.

Wata rana da azahar na ga mai tsiren da ke ɗakin ƙarshe ya karkato butarsa. Bakina ya riga tunanina, na ce, "Tsaya! Azumi yake yi."

Ya tsaya cak, buta a sama. "Wa?"

"Lallen. Azumi yake."

Aka yi dariya, amma ya janye butar. Baba Kallamu ya girgiza kai yana murmushi, ya ce, "To, Allah ya karɓa." Da la'asar ma babu wanda ya zuba. In wani ya manta ya nufi bokitin, sai a ce masa, "Kai, kar ka karya wa bawan Allah azumi." Na ce a raina, ashe maganin kenan, kalma ɗaya. Na koma kasuwa da sauƙin zuciya, har na ɗauki buhu ina waƙa.

Ranar motar albasa ta makara, ban dawo ba sai bayan an idar da magariba. Na shigo na tarar da mutane sun yi layi a gaban bokitin, Sagiru na tsaye a gefe kamar mai raba abincin sadaka.

Na ce, "Me kuke yi?"

Sagiru ya ce, "Shan ruwa mana. Rana ta faɗi. Ko so kake ya yi ɗore?"

"Sagiru!"

"Kai ka ce azumi yake. Wanda ya ba mai azumi ruwa yana da lada kamar nasa. Ni har dabino na so in sa masa, ban samu ba."

Ba su zuba ragowar buta ba wannan karon. Buta cikakkiya kowa ya ciko, don girmamawa. Har waɗanda da can ba ruwansu da bokitin sun zo neman lada. Ruwa yana fita ta hudojin ƙusa yana bin tsakar gida.

Ni ba mai faɗa ba ne, a gidan kowa ya sani. Ban ɗaga murya ba. Na zauna a ƙasa gaban bokitin, na sa hannu na kama reshen, ina ja kaɗan sai ya taho gaba ɗaya, babu ko gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi yauƙi, tana saɓulewa a yatsuna. Dariya ta tsaya.

Na ce, "Na Innata ne. An yi gini a kan uwarsa. Babu wani."

Sagiru ya ajiye butar da ke hannunsa a hankali, kamar mai tsoron ta yi ƙara.

Baba Kallamu ya matso ya ce, "Miƙo nan." Ya kai saiwar hancinsa, ya yamutsa fuska. Ya sake shinshinawa. "Wannan ai warin albasar da ruwa ya taɓa ne."

"Shi nake ta faɗa, Baba."

"A'a, ba ka faɗa ba. Cewa ka yi ba ya son ruwa. Da ka ce ruɓewa yake yi kamar albasa, wa zai zuba?" Ya juya ga mutane. "Ku kuma, duk girmanku, ba ku san abin Arewa ba ya son laima ba?"

Mai tsire ya ce, "Baba, ai kai ka fara."

"Ina magana kana magana?"

Ya karɓi wuƙar mai tsiren, ya kankare bawon reshen da bakinta. Can sama, kamar tsawon taƙi, akwai sauran kore. Ya yanke ruɓaɓɓen ya jefar, ya miƙo mini guntun. "Gobe ka kawo shi rumfa."

Rumfar Baba ta albasa ita ce wuri mafi bushewa da na sani a Fatakwal. Iska na shiga ta ko'ina, rufin ba ya yoyo, kuma ranar safe tana faɗowa ta bakin ƙofa. Na samo yashi wajen masu gini, na gauraya da ƙasa kaɗan, na ƙara wa bokitin hudoji. Na soka guntun, na ɗan yayyafa masa ruwa da hannu, muka ɗora shi kan benci inda rana take sauka.

Sai kuma wata sabuwa. Baba ya zama mai gadi. Ko mai sayar da ruwan leda ya gifta ta gaban rumfar sai ya kore shi. Ni kaina, in na ga yashin ya bushe ƙarau na zo da ɗan ruwa a murfin kwalba, sai ya daka mini tsawa.

"Ina za ka da wannan?"

"Baba, bai yi saiwa ba tukuna. Yana buƙatar kaɗan."

"Haka kuka kashe na farko."

Dole sai ya tafi salla nake lallaɓawa in ɗiga masa, kamar ɓarawo. Lallen uwata, ina satar ba shi ruwa.

Ya daɗe tsaye kamar busasshen tsinke, har na fara cire rai. Wata safiya ina sauke buhu sai na ji Baba yana ƙwala mini kira. Na zo da gudu, na zaci an zubar da bokitin ne. Ashe ido biyu ne suka fashe a jikin guntun, ganye ƙanana masu ɗan ja-ja a baki, irin na bayan ɗakin Inna sak. Na tsuguna ina kallo.

Baba ya tara maƙwabtan rumfa, har da Sagiru da ya kawo fasinja. Ya nuna musu da sandarsa. "Kun gani? Ko ɗigo bai sha ba tun da ya zo hannuna. Tun farko na faɗa wa yaron nan ruwa ya yi masa yawa, bai ji ba."

Na buɗe baki, na dubi ganyen, na rufe. Na ce, "Haka ne, Baba."

Sagiru ya sunkuyo kusa da kunnena. "To yaushe ne sallarsa? Mu zo da butoci."

Na ɗauke bokitin na mayar bayan Baba.