Ka Huda Bakin?

A layin masu gyaran babur kowa ya san Dokta. Asibitinsa rumfa ce ta kwano huɗu da benci mai ƙafa uku da rabi, amma in robar babur ɗinka ta tsage, can za a nuna maka. Marasa lafiyarsa tsofaffin babura ne, irin waɗanda kamfani ma ya manta ya taɓa ƙera su, waɗanda in ka je shago neman robarsu za a ce ka je ka tambayi kakanka. Dokta zai karɓi robar ya ɗaga ta sama, ya girgiza kai kamar mai duba hoton ƙashi.

"Karaya biyu, tsagewa ɗaya. Maigida, faɗa mini gaskiya, kai ka hau babur ɗin ko shi ya hau ka?"

Aikin ba wuya a ido. Ka wanke robar, ka haɗa tsagar, ka sa ƙarfe a garwashi ya yi ja, ka bi ta ciki kana narkarwa. Ka kwantar da guntayen waya a gicciye kamar ɗinki, ka yanko roba irin tata ka narke a kai. Samfefa, fenti, shi ke nan. Amma kafin duk wannan akwai abu ɗaya: ka nemo inda tsagar ta ƙare, ka ƙona ƙusa ka huda ɗan rami a bakin. Tsaga tafiya take yi. In ba ta tarar da rami ya tare ta ba, ko da zinare ka ɗinke ta, za ta ci gaba da tafiyarta a ƙarƙashin fenti ba wanda ya sani.

To Dokta kam hudawa yake yi kamar an aiko shi. Tsaga ɗaya, rami uku. Mai faci da ke rumfar gefe ba ya gajiya da tsiya.

"Dokta, wannan robar babur ce ko rariya? Matata na neman abin tankaɗe fa."

"Kai dai ji da iskarka. Mutumin da ke sayar da iska har ya samu bakin magana?"

Sai a kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Ba wanda ya lura cewa in ya ɗora ƙarfe a kan roba, ba ya taɓa juyawa ta hagu.

Yayansa ne ya koya masa sana'ar, kafin ya bar masa rumfar ya koma kai kaya a babur. Bahago ne, mai sanyin magana, ba ya faɗa sai tambaya. Shekara biyu ke nan, wata rana da yamma, ya kawo shuɗin babur ɗinsa, robar da ke rufe tayar gaba ta tsage daidai wurin noti. Dokta ya ɗinke ta tsaf. Sai da ya ɗauko fenti ya tuna bai huda ba. Garwashi ya mutu, an kusa take ƙwallo, abokai na ƙwala masa kira daga bakin titi. Ya shafa fenti ya ɗaura.

Yaya ya hau, ya buga babur, sannan ya waiwayo.

"Auta, ka huda bakin?"

"Haba Yaya, ni ne fa. Na huda."

Kwana huɗu bayan nan, a gangaren gada, aka tsince shi. Wani ya ce babbar mota ce ta goge shi. Wani ya ce akuya ce ta gitta. Wani mai shayi kuma ya ce shi dai ya ga wani shuɗin abu ya ɓalle daga gaba ya shige taya. Mutane sun manta da maganar mai shayi tun kafin a tashi daga zaman makoki. Dokta ne kawai ya ɗauke ta ya taho da ita rumfa.

Tun daga nan, da zarar ƙarfe ya taɓa roba ya yi tsss, hayaƙi ya tashi, sai ya ji muryar Yaya ta bayan kunnensa na hagu, daidai inda Yaya ke tsayawa yana leƙen aiki. Da rana tsaka, layi cike da hayaniya, ana buga guduma ana zagin juna.

Auta, ka huda bakin?

Ba faɗa a muryar, ba fushi. Da ma da fushi take zuwa, da ya fi masa sauƙi.

Ran nan da hantsi yana goge wata roba ya ji ƙarar sarƙa, ƙas, ƙas, ƙas, irin ta babur da ake turowa. Tun bai ɗago ba ya san wannan ƙas ɗin, haƙori ɗaya ne ya lanƙwashe a baya, shi da kansa ya sha cewa a canza. Da ya ɗago, matar Yaya ce, ta riƙe kan babur da hannu biyu tana haki. Babur ɗin tsirara yake, ba roba ko ɗaya a gabansa. A baya an ɗaure wani buhu.

A da, in ta gan shi tun daga nesa take fara masa: ƙaramin mijina, yau ma hannu rabbana ka zo? Shi kuma ya ce sai ta rage gishiri zai fara cefane. Shekara biyu ke nan bai wuce gaisuwar ƙofar gida ba.

"Anti, ke ce da rana haka? Sannu da zuwa. Zauna, amma ta wancan gefen, bencin nan ba ya son baƙi."

"Na san halinsa." Ta zauna. "Bakanike ya miƙe ƙarfen, ya tada injin. Ya ce roba kuma sai wurinka, irin wannan an daina kawowa."

"Sayarwa za ki yi?"

"Hawa zan yi. Na koya. Kullum yaran nan a makare suke zuwa makaranta, ana ta dukansu, ga babur a ɗaki yana shan ƙura."

Ta kwance buhun ta dire a gabansa. Ya yi ƙara kamar fasassun kwanuka.

"Abin da aka tattaro ne a wurin. Yadda aka ba ni, haka na ajiye."

Dokta ya kau da ido daga buhun. Amma baki ai sana'arsa ce ta biyu.

"Anti, wannan ba aikin likita ba ne, na masu wankan gawa ne. Bari in kai ki wurin wani a ƙarshen layi, hannunsa ya fi nawa."

"Yayanka ya ce duk layin nan ba mai hannunka."

"Yaya ai ba ya son ɓata wa mutum rai."

"Auta." Ta dube shi ido cikin ido. "Yarana zan ɗora a kai. Ba zan kai wa baƙo ba. Bayan la'asar zan dawo in ga inda ka kai."

Da ta tafi ya shimfiɗa kwali ya zazzage buhun. Shuɗayen ɓallaye, manya da ƙanana, har yanzu da jar ƙasa a jikinsu, da wani busasshen abu baƙi-baƙi da bai tsaya tambayar kansa mene ne ba. Ya kawo bokiti ya wanke su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ya gane tun kafin hannunsa ya kai: mai ramin noti, mai fentin da ya ɗan fi sauran haske. Fentinsa. Ya sa ƙafa ya tura shi ƙarƙashin benci a kife.

Abin da ake nema yana bayan wannan ɓallin. In ɗinkinsa ne ya buɗe, tsagar ta zarce har ta raba robar biyu, to mai shayi ya yi gaskiya. Juyawa ɗaya ce, ko yaron goye zai iya. Dokta ya hura wuta ya kama wani aikin.

Ya fara da robar fitila. Tsss.

Auta, ka huda bakin?

Ya huda. Ya koma ta gefen dama. Tsss.

Auta.

Yau muryar ba ta jira hayaƙi ya gama tashi. Har warin man da Yaya ke shafawa a gashi sai da ya ji, a cikin ƙaurin roba. Mai faci ya leƙo zai fara tsiyarsa, ya ga launin robar, ya ga babur ɗin, ya haɗiye maganarsa ya koma ya rage rediyo.

Kafin la'asar ya haɗa komai. Ya jera su a kan kwali, gaban babur ya fito sak, kamar fuskar mutum da aka cire wa haƙori ɗaya. Giɓin na kallonsa. Ɓallin na ƙarƙashin benci, sai ya riƙa jin kamar yana taɓa masa diddige.

Matar Yaya ta dawo. Ta tsuguna ta shafa ɗinkin da yatsa.

"Kai, Auta. Kamar ba abin da ya same shi." Sai ta ga giɓin. "Nan fa? Ya ɓata ne?"

"Yana nan."

"To?"

Ya buɗe baki zai ce an kwantar da shi a ɗakin tiyata, wasan ya maƙale. Ya zauna a ƙasa, kan ƙurar samfefa.

"Anti, ranar da ya kawo mini robar nan, ban huda bakin tsagar ba. Ƙwallo nake sauri. Ya tambaye ni, na ce na huda. Ƙarya na yi masa, ya hau ya tafi." Ya nuna ƙarƙashin benci ba tare da ya duba ba. "In kika juya wancan kika ga ta nan ta rabe, to ni ne. Ba mota ba ce, ba akuya ba ce."

Ta dubi inda ya nuna. Can ta miƙa hannu ta jawo ɓallin, amma ba ta juya ba. Ta ɗora masa a cinya.

"Shi ya sa ka daina shigowa gidana?"

Ya gyaɗa kai.

"Ni ina can ina cewa ko wani abu na yi maka. Juya."

"Anti..."

"Juya mana, likitan banza."

Ya juya. Ɗinkinsa na nan daram, waya shida a jere, ko ɗaya bai motsa ba. Daga ƙarshen ɗinkin wata siririyar tsaga kamar gashi ta fito, ta yi tafiyar da ba ta kai faɗin yatsa ba. A nan ta tsaya cak, a bakin wani ɗan rami mai baƙin gefe. Robar ta karye ne can nesa, ta wani wuri daban, inda jan fentin da ba nata ba, irin na mota, ya goge ta.

Dokta ya kai ramin kusa da ido. A karkace yake, ya shiga daga hagu. Mutum ɗaya ya sani mai huda haka.

"Washegari da safe ne," in ji ta. "Ya kwance robar ya shigo mini da ita kicin, ya sauke mini tukunya ya ɗora ƙusa a kan risho. Har tsummana ya ƙona. Na ce me ya faru, ba jiya Auta ya gyara ba? Yana dariya ya ce, yaron nan in zai yi ƙarya sai ya fara da haba Yaya. Na ce to ka je ka yi masa faɗa. Ya ce a'a, zai ƙyale ka ka kawo kanka." Ta goge ido da bakin mayafi. "Ya ce ba za ka wuce sati ba."

Dokta ya so ya yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ce. Mai faci ya ƙara rage rediyo har ya mutu.

Da ya samu kansa, ya hura garwashin da ya fara yin toka, ya sa ƙarfe. Ya ɗora ɓallin a giɓinsa, ya zauna daidai. Matar Yaya ta nuna ramin.

"Wannan ma ka cike shi, kada ruwa ya riƙa shiga."

"Wannan ba aikina ba ne, Anti. Ba na taɓa aikin wani."

Ƙarfe ya yi ja. Ya ɗauko, ya ɗora a kan roba. Tsss. Hayaƙi ya tashi, muryar ta zo inda ta saba zuwa, a sanyaye kamar kullum.

Auta, ka huda bakin?

Dokta ya juya ta hagu. Ba kowa, sai babur ɗin a jingine da hasken yamma a kan kujerarsa.

"Ban huda ba, Yaya," ya ce.

Ya ɗan jira, ƙarfen na hucewa a hannunsa. Sannan ya mayar da shi cikin wuta.