Yatsa Biyu

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ina kishin ƙanwata. Ba irin kishin da ake yi da dariya a wuce ba. Irin wanda idan aka yabe ta a gabanka sai ruwan da kake sha ya tsaya maka a maƙogwaro.

Mu biyu Baba ya haifa, ni da Auta, kuma dukanmu a filin golf muka tashi, don shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da wasan. Ni ya fara danƙa wa sandar buga ƙwallo. Ya yi shekara goma yana fama da ni, har ran nan ya ce a gaban mutane, "Kai ka san duk abin da ya kamata a yi, jikinka ne bai samu labari ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, don ba yadda na iya. Daga nan na koma ɗakin gyara da ke bayan ofishin kulob, ina sauya robar mariƙin sanda, ina miƙe sandunan da masu zuciya suka lanƙwasa a jikin bishiya. Baba ya laƙa mini Maƙeri, sunan kuwa ya bi ni. Auta ranar da ta fara kai bugu, tana 'yar shekara tara, sai da ya kira duk wanda ke kusa ya zo ya gani. Ni ba a taɓa kiran ko mai shara ya kalle ni ba.

Ranar Asabar ɗin makon da nake ba da labari akwai gasa a filinmu. Mutum uku na farko za a ɗauke su makarantar horar da 'yan wasa na shekara guda, kuma bayan bana shekarun Auta za su wuce ƙa'ida. Ko ta shiga yanzu, ko ta haƙura har abada. Kowa ya riga ya ba ta gurbi a bakinsa, sai ga cuta ta kama wasanta mako uku kafin ranar.

Cutar iri biyu ce, kuma Baba ya daɗe da raɗa wa kowacce suna. Ta farko aski, wato maimakon sanda ta daki ƙwallo sannan ta yanki ciyawa, sai bakinta ya sare shi a ciki, ya tafi ƙasa-ƙasa yana gudu, hannunka kuma ya ɗauki zugi har gwiwa. Ta biyu lauje: ƙwallo ya tashi kamar abin arziki, ya kai rabin hanya, sai ya karkata dama ya faɗa inda ba a aike shi ba.

Ranar Laraba da safe ta shigo ɗakin gyara ta dire jakarta a kan teburina.

"Yaya, sauya mini robobin nan. Wataƙila su ne."

"Wata biyu da na sa su. Malama, ba roba ba ce."

"To mene ne? Wallahi na gaji."

Na zaro sandar ƙarfe mai lamba bakwai na kai shi wajen taga. Sanda ba ta iya ƙarya ba. Tabon ƙwallo, maimakon ya zauna a tsakiyar fuskarta, ya sauko can bakin ƙasa. Na juya babbar sandar na duba gindinta: fentin ɗan turken da ake ɗora ƙwallo a kai ya bar zane, zanen kuma a karkace yake, alamar sandar tana zuwa daga waje tana yanka ciki. Na ji wani daɗi da ban so in ji ba. Ashe gwanar ma tana da tabo.

"Mu je in gan ki," na ce.

A rumfar gwaji muka tarar da Baba a kan bencinsa. Yanar ido ta rufe masa gani shekara biyu ke nan, ba ya ganin komai sai inuwa, amma kullum sai an kawo shi ya zauna ya saurara. Auta ta buga uku. Ya girgiza kai.

"Aski biyu, lauje ɗaya," ya ce. "Kunne ya faɗa mini cutar, amma kunne ba ya ganin inda ta fito. Maƙeri, ara mini idonka."

Na tsaya a gabanta, na zagaya bayanta, na dawo. Ba ta kai bugu na biyar ba na gano abin. Tun da ruwan sama ya jiƙe fili aka hana gwaji a kan ciyawa, kowa ya koma kan tabarmar roba. Tabarmar da Auta ta fi so ta cinye a tsakiya, ta yi ɗan kwari. Don ta kauce wa kwarin take ajiye ƙwallo gaba kaɗan, wajen ƙafarta ta hagu, har jikinta ya ɗauka nan ne gidansa. Ƙwallo in ya yi gaba, dole kafaɗu su buɗe su bi shi, sai sanda ta zo a karkace, ga lauje. Kafin kuma ta iso shi ta riga ta wuce ƙasan hanyarta ta fara tashi, ga aski. Cuta biyu, uwa ɗaya. Maganin bai fi ta dawo da ƙwallon baya faɗin yatsa biyu ba, aikin minti biyar.

Na buɗe baki zan faɗa. Allah shi ne shaida, na buɗe baki. Daidai nan ta sake kai bugu, sandar ta keta iska, Baba ya yi murmushi ya dafa gwiwata.

"Ka ji? Ko da cutar, ji yadda iska ke kuka. Wannan hannu ba koyar da shi ake yi ba, da shi ake zuwa. Ni dai a rayuwata sau ɗaya Allah ya ba ni."

Sau ɗaya. Ina tsaye, idona ake aro, amma sau ɗaya. Kishi ya danne maganar da ke bakina ya turo wata.

"Kanta take ɗagawa," na ce. "Tana son ganin inda ƙwallo ya je tun bai tafi ba."

Baba ya juyo da fuskarsa wajena. Ya sha gaya wa ɗalibansa cewa wannan maganar 'yan kallo ce, duk wanda bai san komai ba ita yake faɗa don a ce ya yi magana.

"Ɗaga kai kuma?" ya ce. "Auta?"

"Abin da na gani ke nan."

Ya ɗan jima yana murza sandar tafiyarsa. "To. Kai ne mai ido. Auta, ki ji maganar yayanki."

Ta ji kuwa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ta yi gardama da na samu abin riƙewa. Alhamis da Juma'a ina hango ta ta tagar ɗakin gyara, ta cusa haɓa a ƙirji, ta kafe ido a ƙasa, tana buga ƙwallaye kwando bayan kwando. Haɓar ta tare wa kafaɗa hanya, jikin da ke juyawa kamar ruwa ya sandare, askin ya ƙaru, laujen ya ƙara lanƙwasa. Ni kuma ina ta ba kaina dalilai. Na ce gwana ce, za ta gano da kanta. Na ce ai ni ma ba wanda ya taɓa yi mini gata. Na ce gobe da safe zan faɗa. Goben ta zo, na tarar da ita tana shafa man zafi a wuya, na tambaye ta ko ta ga ƙaramar filayata.

Da yammar Juma'a ta leƙo.

"Yaya, gobe kai za ka ɗaukar mini jaka. In gasa ta fara ba wanda aka yarda ya ba ni shawara sai mai jakata, ni kuma ba na son kowa sai kai."

"Ki nemi wani, ina da aiki."

"Wane aiki? Filayar da ka ɓatar?" Ta yi dariya ta tafi abinta.

Ramuka goma na farko cikin sha takwas ɗin ranar Asabar ba na son tuna su. A na biyu ƙwallo ya yi lauje ya shige cikin bishiyoyi. A na huɗu ta yi aski, ya tsallake tutar ramin a guje ya faɗa yashi. Mutanen da suka biyo ta don su ga gwaninta suka fara zamewa ɗaya-ɗaya suna komawa bayan wasu. Zan so in ce tun a nan zuciyata ta karye, amma ƙarya zan yi. A rami na shida, da na ga wata mata ta taɓe baki ta juya, sai da na ji sanyi a raina. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Tawa dai ba takin da ta zama, ƙona shukar ta yi.

Rami na sha ɗaya gajere ne, akwai tafki a damarsa. Muna jiran na gabanmu su gama, Auta ta cire safar hannu don ta sha ruwa. Na ga tafinta, bororo biyu sun fashe, safar ta manne da jini. Ta lura ina kallo, ta ɓoye hannun.

"Yi haƙuri, Yaya," ta ce a hankali. "Ka faɗa mini abin da zan gyara, ni ce na kasa. Na ba ka kunya."

Ni take ba haƙuri. Na juya mata baya, na zaro ƙarfe bakwai ina goge shi da tsumma alhali ba ƙura a jikinsa, don ba zan iya haɗa ido da ita ba. Ko turke ba ta kafa ba tukuna. Maganar ta fito da kanta.

"Ƙwallon ya yi gaba da yawa. Dawo da shi baya yatsa biyu, wajen tsakiyar ƙafafunki. Ki saki wuyanki, ki manta da zancen kai."

Ta karɓi sandar, ta kafa turke, ta gyara tsayuwa. Ƙarar da ta fito ita ce wadda na sani tun tana yarinya, tas, sannan ɗan yankin ciyawa ya tashi a gaban inda ƙwallo yake. Ya miƙe sak ya sauka taku uku daga tuta. Ta tsaya tana kallonsa, sannan ta juyo ta kalle ni, kallo mai tsawo.

Ramuka takwas da suka rage ta yi wasan da ban taɓa ganin irinsa ba. 'Yan kallon da suka gudu suka dawo har da gayyar wasu. Ba ta sake tambayata komai ba, hannu kawai take miƙowa in sa mata sanda. Da aka tattara sakamako ta zo ta huɗu. Bugu ɗaya ne tsakaninta da ta uku.

Muka nufi inda aka zaunar da Baba, ƙarƙashin rumfa kusa da rami na ƙarshe. Ina gaba da jaka, tana bayana. Saura kamar taku ashirin ta kira ni.

"Yaya."

Na tsaya.

"Lokacin da ka ce yatsa biyu, bayanka ka ba ni. Ban ma tsaya a kan ƙwallon ba." Muryarta ba ta rawa, da ma ta yi. "Tun yaushe ka sani?"

Na gyara igiyar jakar a kafaɗata.

"Laraba," na ce.

Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata ƙarfe nawa, ta wuce ni.

Baba ya riga ya ji sakamakon. Ya kama hannunta ya riƙe, ya ce haka Allah ya so. Sannan ya ce, "Amma bugunki na ƙarshe na ji shi daga nan, naki ne na da. Me ya sauya?"

Na rufe ido ina jira.

"Yaya ne ya gano," ta ce. "A rami na sha ɗaya. Ƙwallon ne ya yi gaba yatsa biyu."

"Yatsa biyu!" Baba ya miƙe tsaye da ƙyar, yana lalube har ya samu kafaɗata. Ya ɗaga murya yadda duk na cikin rumfar za su ji. "Ku zo ku ga ɗana! Ana tsakiyar gasa, a tsaye, ya ga yatsa biyu! Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, wallahi ko lokacin da nake gani ban kai shi ido ba. Maƙeri, na daɗe ban ba ka haƙƙinka ba, ka yafe mini."

Mutane suka taso suna miƙo mini hannu. Tun ina ɗan shekara bakwai nake jiran wannan magana, ga ta ta zo har da shaidu. Auta ta bari sai da Baba ya gama, sannan ta matso, ta zare igiyar jakar daga kafaɗata a hankali ta rataya a tata.

"Bar shi, Yaya," ta ce. "Daga nan zan iya ɗauka."