Romon da Ila Yake Kawo wa Rakiya

Ila mahauci ne a Kurmin Mashi, kuma Allah bai ba shi bakin lallashi ba. Shekara ashirin da shida da aurensa da Rakiya, duk abin da ke ransa a leda yake kawo mata shi.

Da ta fara yawan kasala, tana jin sanyi ana tsakiyar zafi, sai gogan naka ya zama likitan kansa: wai jininta ne ya yi ƙasa. Kullum sai ya ware mata wutsiyar saniya da ƙashi mai ɓargo, ko mai saye zai yi kuka ba ya sayarwa. Ya tsaya a kanta sai ta shanye romon tas, har da man shanu a sama. Wata bakwai ana haka, ita kuwa baiwar Allah tana sha don kada ransa ya ɓaci.

Abin dai bai yi sauƙi ba, suka je asibiti. Bayan gwajin jini, likita ta yi musu bayani: akwai wata 'yar tsoka a maƙogwaro, tayirod, ta Rakiya ta ɗan yi sanyin aiki. Idan ta yi haka kitse yakan taru a jini, kuma zuciya ce ke shan wahalar.

"Me kike yawan ci?" in ji likita.

"Abin da ya samu," Rakiya ta ce, tana kallon ƙasa.

Nan take Ila ya gane rufa masa asiri take yi. "Likita, ni ne. Ashe da hannuna nake cutar da ita."

"Ba romonka ya kawo ciwon ba, Malam, amma a rage shi. Ta riƙa tafiyar rabin awa kullum, bayan wata uku mu sake gwaji."

Washegari da la'asar ya tashi daga kasuwa da wuri, suka kama hanyar Mando a ƙasa. Shi a gaba, ita can baya, yadda magidanta irinsa suka saba. Da ya waiga ya ga ta tsaya tana haki, tausayi ya kama shi. Ya dawo ya jera da ita, kafaɗa da kafaɗa.

'Yan majalisar bakin titi suka fashe da dariya. "Ila, amarci aka koma?"

"Malam, wuce gaba mana," Rakiya ta ce a hankali. "Mutane na kallo."

"Su kalla. In na wuce gaba, wa zai ji numfashinki?"